Ranar Girki: Abin da Littattafanmu Suka Bari a Tsakar Gida

Duk mai karanta littattafan Hausa na wannan zamani ya san abin da ke biyo baya idan marubuciya ta ce yau girkin wance ne. Za a shiga wanka, a turara ɗaki, a ɗauko leshi mai tsada, a fesa turare kala uku, a jera kuloli a kan teburi, sannan a ji ƙarar motar Alhaji a ƙofar gida. Abincin da ke cikin kulolin kuwa, layi ɗaya ya ishe shi: ta shiga kicin, cikin 'yan mintuna ta kammala. Wa ya wanke tukunyar jiya? Wa ya ɗebo ruwan? Yaran gidan su goma sha, me suka karya da shi kafin su tafi makaranta? Mun karanta irin wannan babi ya fi a ƙirga, a bugaggun littattafai da kuma waɗanda ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, kuma da wuya mu ga an amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan.

Kalmar girki a bakin Bahaushe kaya biyu take ɗauke da su. Akwai rabon kwana da miji, akwai kuma ciyar da duk wanda ya kwana a gidan, daga tsohuwar da ba ta iya tauna ƙanzo har almajirin da ke zaure. Marubutanmu sun rungumi na farko, sun yi masa ado iya ado, sun jingine na biyu a bayan ƙofa. Ƙorafinmu ke nan, kuma ba don tsabar son ganin wahala a takarda muke yin sa ba. A gida mai yawan jama'a, mulki da ƙauna da zalunci duk ta hanyar rabon aiki suke fitowa, don haka labarin da bai san yadda aka raba aikin ba, bai san mutanen da yake ba da labarinsu ba.

Mu ɗauki irin wannan littafi mu kai shi Kurgu, a mazaɓar Kende da Kurgu ta ƙaramar hukumar Bagudo a jihar Kebbi. Ƙasa ce ta bakin iyaka: ta wajen Lolo kogin Kwara ke shigowa Nijeriya, ga tsohon garin Illo, ga hanyar Tsamiya da ke ɓullewa Segbana a Jamhuriyar Benin. Manoma ne da makiyaya da masunta, Hausa na gogayya da Fulatanci da Dandanci a kasuwa ɗaya. Waya ta kai can kamar yadda ta kai ko'ina, kuma labarin da budurwa ke karantawa a Kano shi ne ake turawa ta Bagudo. Bambancin shi ne, idan ta Bagudo ta ajiye wayar, gidan da za ta ɗaga kai ta gani ba ya cikin littafin ko da a shafi ɗaya.

A irin gidajen wannan yanki, da ma na yawancin ƙauyukan ƙasar Hausa, ba mata huɗu na miji ɗaya ne kawai ke cika gida ba. Gandu ne: uba da 'ya'yansa maza masu aure, ko wa da ƙannensa, suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Saboda haka bayan kishiya akwai faccala, akwai suruka, akwai agola da 'yar riƙo, akwai bazawarar da ta dawo gidan ubanta da goyo. Rana tana farawa da asuba: a hura wuta, a ɗumama tuwon jiya, a dama koko ko kunu. Sai awo. Maigida ko wanda ya wakilta zai fitar da dame daga rumbu, ko ya auna tsaba da mudu, ya miƙa wa mai girki. Daga nan aikin ya rabu kashi-kashi, kowane da sunansa: sussuka, shiƙa, surfe, bakace, wanki, shanya, niƙa, tankaɗe. Idan fura ce, ga dafa ƙulli ga kirɓi. Idan damina ce, dole abincin rana ya isa gona kafin azahar, kuma akwai wanda zai ɗauka a ka. Ruwa da itace ba su jiran ranar kowa. Idan kaka ta yi, casar shinkafa da turara ta da shanya ta suna hawa kan duk wannan, ba tare da an rage komai daga na kullum ba.

Babu mace ɗaya da za ta iya wannan ita kaɗai, kuma babu gidan da yake barin ta. Mai girki ita ce mai tukunya da muciya, ita ke kwasa ta raba, amma daka na kowa ne. Abin da ya sa ake jin taɓare biyu ko uku a turmi ɗaya ke nan. To a nan fa labarin yake. Wadda ta ƙi fitowa daka ranar girkinki ta yi miki magana ba tare da ta buɗe baki ba. Wadda ta ƙara wa ɗanki malmala ranar da kike zazzaɓi ita ma ta yi magana. Littattafanmu sun fi son a kai wa boka kuɗi, ko a zuba guba a lemo, alhali mata sun daɗe da sanin hanyoyin cutarwa da na kyautatawa da ba su buƙatar fita ƙofar gida.

Akwai ma wani ɗan lissafi da muke mamakin yadda ya wuce marubuta. A gidan mata huɗu da ake kwana biyu-biyu, zagayen girki kwana 8 ne, kasuwar ƙauye kuwa kwana 7 take zagayowa. Ke nan ranar kasuwa, ranar da nama ko ɗanyen kifi da sabon kayan miya ke shigowa gida, ba ta tsayawa a kan mace ɗaya. Takan faɗa wa mace makonni 2 a jere, sannan ta bar ta har makonni 6. Wadda kasuwa ta faɗa wa, miyarta za ta yi daɗi, a yaba mata. Wadda girkinta ya ƙare ana jajibirin wata kasuwar, da busasshiyar kuka da guntun daddawa za ta yi fama, a ce ba ta iya miya ba. Sai kuma ɗaya ta haihu, ta fita daga layi kwana 40 na jego, zagaye ya koma kwana 6, lissafin kowa ya rushe. Amarya ta zo, an ɗauke mata girki kwanakin farko, wasu na tuƙa tuwon da za ta ci. Matan gidan ba su rubuta wannan a takarda, amma ko da tsakar dare ka tashi ɗaya za ta faɗa maka girkin wa Sallah za ta faɗa. Marubucin da ya riƙe wannan kalanda yana da rigimar babi goma ba tare da ya ƙirƙiro hatsarin mota ko ɗaya ba.

Wadda ta fi kowa shan kashi a hannun marubuta ita ce uwargida. A littafi, ko dai makira ce mai bin malamai, ko baiwar Allah mai kuka a ɗaki tana jiran sakayya. A gidan gandu kuwa, ita ce ta san ko abin da ke rumbu zai kai gidan kaka. Ita ke cewa a rage awo tun bazara, a sha baƙin jini, don kada a wayi gari a tsakiyar damina ana neman bashin hatsi. Ita ke sanin yaron da ya ci sau biyu da wanda aka manta. Tana iya zama azzaluma, mun sani, kuma zaluncinta a bakin mudu yake, ta shafe na wannan ɗaki ta tula na wancan. Irin wannan mace ta fi ƙarfin a taƙaita ta a kishi.

Ba dukkan adabinmu ne ya kauce wa tukunya ba. Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, a kan kuɗin cefane ya kafa tubalinsa. Rabi na da 'ya'ya 9, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai hali, amma abin da yake ajiye mata bai isa ya ciyar da gidan ba, ita ke cikawa da guminta. Da ya auro Delu ya kori Rabi da 'ya'yanta, da sayar da abinci ta riƙe su. Mai karatu ya san muguntar Alhaji Abdu tun kafin a kai ga saki, domin an nuna masa ita a cikin kwano. Muna ganin wannan na cikin dalilan da suka sa littafin ya yi tafiya har Indiya, inda kamfanin Blaft ya buga fassarar Aliyu Kamal ta Turanci a 2012: ko'ina a duniya an san abin da ake nufi da baki goma da cefanen baki uku.

Sai dai ko shi muna da ja da shi. Sauƙin da ya zo wa Rabi, babban rabonsa ta hanyar auren 'yarta Saudatu da mai kuɗi ya zo, wato dai aljihun wani namiji ne ya toshe ramin da wani namiji ya haƙa. Kuma littafin birni ne, na gidan da ake auna rayuwa da naira kowace safiya. Gidan da ake auna ta da dame, sau ɗaya a shekara, wanda ambaliya irin ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi za ta iya canza masa awon wata goma sha biyu a dare ɗaya, har yau yana jiran marubucinsa.

Abin kunya gare mu, littafin da ya fi kowanne kawo tsarin irin wannan gida ba ƙagagge ba ne, kuma da Turanci ya fara fita. Baba ta Karo ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 ta ba ta labarin rayuwarta, aka buga a 1954. Tsohuwa ce da ta yi aure sau 4, ba ta haihu ba, ta riƙe 'ya'yan wasu. A bakinta zaman kishiyoyi, da riƙo, da sana'ar ɗaki, da aikin yini duk abu ɗaya ne, ba ta ware wani ta ce wannan ne labari wancan kuma aiki. Ba ta yi makarantar boko ba, amma ta san abin da marubuta masu digiri ke mantawa.

Akwai kuma waɗanda kusan ba a ganin su sam: yara. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara kacokan a kan yaran da ke aike da talla, daidai lokacin da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya fara janye su zuwa aji. A ƙauyen bakin kogi, inda ba kowane gida ake kulle ba, tambayar ba ta canza ba: idan aiki ya fi ƙarfin hannuwan da ke gida, wa ake cewa yau kada ta je makaranta? Kowa ya san amsar. Babbar 'ya mace ce, ko 'yar riƙo, ko agola. A littafi mun saba ganin 'yar aiki a matsayin abin dariya, 'yar ƙauye mai kwaɓa Hausa, ko kuma kyakkyawar da ɗan masu gida zai aura a ƙarshe. Ba mu cika ganin ranar da aka yanke shawarar cire ta daga aji huɗu ba, da wadda ta yanke, da dalilinta, wanda sau da yawa ba mugunta ba ce, jego ne ya zo wa mata biyu a wata ɗaya.

Za a ce mana, kuma an sha faɗa, wadda ta wuni a bakin murhu ba ta sayi data don ta sake karanta hayaƙi ba; Maitama da Dubai take so, a bar ta ta huta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, mu ma mun sha raba dare a kan irin waɗannan littattafai ba don komai ba sai daɗi. Amma masu sauraron tatsuniya ma gajiyayyu ne, kuma tatsuniya ba ta taɓa jin kunyar turmi da rijiya da 'yar bora mai wanke-wanke ba. Abin da ke damun mu shi ne yarinyar da ta karanta littafi ɗari ta fito da fahimtar cewa abin da uwarta ke yi tun asuba bai kai a ba da labarinsa ba, ita kuma ta shiga gidan mutum ashirin tana zaton ranar girki turare ne da kwalliya.

Kuma kada a ɗauka tsakar gida ƙaramin fage ne. Lokacin da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ta kuma hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamba na shekarar, da lokacin da aka cire tallafin mai a Mayu 2023, 'yan jarida sun yi ta hira da direbobi da 'yan kasuwa. A gida kuwa, tsadar mai kuɗin niƙa take taɓawa. Idan mai inji ya ƙara kuɗi, sai mai girki ta zaɓa: ta cika daga kuɗin ƙuli-ƙulinta, ko ta roƙi maigida a ji kunya, ko a koma turmi, awa biyu na daka su dawo kan wuyan wata. Wace ce watan, kuma wa ya zaɓe ta?

Tun 2016 gasar Hikayata ta BBC Hausa ke tara gajerun labarai daga mata, kuma gajeren labari ya fi dogo dacewa da wannan fage, domin yini ɗaya ya ishe shi. Muna son mu karanta wanda aka fara da kiran assalatu a wani gida na Kurgu ko Kende, ranar da girki ya faɗa kan amaryar da aka auro daga tsallaken iyaka, ba ta gama jin Hausar gidan ba, uwargida ta auna mata mudu bakwai inda aka saba tara, ba ta kuma gaya mata dalili ba.