Gyara, Mudu da Lifidi: Nazari a kan Ƙarin da A Ke Saye Cikin Wasannin Na'ura

Cikin abubuwan da samarin ƙasar Hausa su ke gardama a kansu a wannan zamani, akwai wani wanda malamai ba su cika kula da shi ba, watau ƙarin da masu ƙera wasannin na'ura su ke sayarwa bayan an riga an sami wasan. Yaro ya mallaki wasa a wayarsa ko a akwatin PlayStation, ya soma bugawa, sa'an nan a ce masa akwai wani fili, ko wani ɗan wasa, ko wata riga, wadda ba za ta buɗe ba sai ya sake biyan kuɗi ya sauko da ita ta intanet. Turawa sun tara wannan duka ƙarƙashin suna guda. Abin da wannan takarda ta ke so ta nuna shi ne, sunan nan guda ya lulluɓe ciniki iri iri, kalmomin kasuwar Hausa kuwa sun fi shi iya rarrabe su.

Ya kamata a soma da wurin da samun wasan ya fi wuya. Gwaska ƙauye ne a ƙasar Birnin Gwari, yammacin Jihar Kaduna, ƙasar da dajin Kamuku ya ke cikinta. Yawancin mutane ba su san sunansa ba sai ran 5 ga watan Mayu, 1918 da ɗari, watau 2018, sa'ad da 'yan bindiga suka far masa suka kashe mutum fiye da 40. A irin waɗannan ƙauyuka lantarki ba abin dogara ba ne, layin waya kuma ya kan zo ya tafi. Wasa ya kan iso ne ta hannun mai cajin waya, wanda ya ke da ɗan janareta ko faifan sola, ya kuma tara waƙoƙi da fina-finai da wasanni. A ba shi 'yan kuɗi ya tura wa mutum a waya, ko kuwa aboki ya tura wa aboki ta Xender. A garuruwa kamar Funtuwa da Zariya da Kaduna akwai gidajen gem, inda a ke biyan kuɗin kowane wasa, sau da yawa kuma wanda aka ci shi ke biya. Shekaru da dama wasan ƙwallo na kamfanin Konami, wanda a ke kira Winning Eleven ko PES, shi ne sarkin waɗannan gidaje, a kan faifai waɗanda waɗansu suka gyaggyara suka sa 'yan wasan sabuwar shekara. Abin lura ne ga mai nazarin harshe cewa kalmar gem, da ta shigo Hausa, sai ma'anarta ta ƙuntata: ba wanda ya ke kiran dara ko langa gem, sai wasan na'ura kaɗai.

Saboda wannan tarihi na turi da kwafi, waɗansu su kan ce ƙorafin samari a kan sayen ƙari son banza ne kurum, sun saba da na kyauta. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Yaron da ya ke ƙirga kuɗinsa a bakin gidan gem, ya biya mai caji, ya sayi data, ba baƙon biya ba ne. Ba biyan ke damunsa ba, ma'aunin ke damunsa.

A kasuwar Hausa, in mai hatsi ya cika mudu har yana zuba, ya juye, sa'an nan ya ɗebi ɗan kaɗan da hannu ya daɗa, wannan shi ne gyara. Gyara tana da sharaɗi biyu: ba ta cikin kuɗin, ba ta kuma zuwa sai bayan mudu ya cika. Mai saye yana iya roƙonta ba tare da jin kunya ba, mai sayarwa kuma yana yinta domin a komo gobe. Kishiyarta ita ce tauye mudu, kamar yadda waɗansu su ke buga gindin mudu ya shige ciki, ido ya ga a cike alhali kuwa ya ragu. Ba Bahaushen da ya shiga makarantar allo da bai san akwai sura guda cikin Alƙur'ani mai sunan masu wannan hali ba. Tsakanin biyun nan akwai ciniki na uku wanda ba shi da laifi ko kaɗan: mutum ya sayi mudu guda cikakke, ya ji daɗinsa, ya komo ya sayi na biyu.

In an ɗora tarihin wasannin a kan wannan ma'auni, sai a ga ya rabu da kansa. A 2015 kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya fitar da The Witcher 3, ya bi shi da ƙananan ƙari guda 16 kyauta. Gyara ke nan. Bayan haka ya sayar da manyan ƙari biyu, Hearts of Stone a 2015 da Blood and Wine a 2016, kowanne da labarinsa mai tsawo, na biyun ma har da sabuwar ƙasa. Mudu na biyu ke nan, masu wasa kuwa suka biya suna yabo. Amma a 2012, da Capcom ya fitar da Street Fighter X Tekken, sai aka tarar akwai mayaƙa 12 waɗanda su ke cikin faifan tun farko, an kulle su ne kurum, za a sayar da mabuɗinsu dala 20. Mutum ya sayi faifai, ya kai gida, ashe wani sashe nasa ba nasa ba ne. Hausa ba ta bukatar sabuwar kalma domin wannan.

Gardamar farko da ta yi suna, abin mamaki, a kan lifidi aka yi ta. A watan Afrilu, 2006, kamfanin Bethesda ya sa wa masu wasan Oblivion sulken doki a kasuwa, dala 2.50. Amfaninsa cikin wasa kaɗan ne, galibi ado ne. Masu wasa na Amurka da Turai suka yi ta ba'a, har sulken dokin nan ya zama abin misali a wurinsu. Amma wanda ya taɓa ganin hawan daushe a Kano ko hawan salla a Katsina ya san kayan doki su kan ci kuɗi ƙwarai, ba kuwa mai cewa an cuci mai dokin. Ya ga abin da idonsa, ya san ba zai ƙara wa dokin gudu ba, ya saya domin a gan shi. Rigunan da a ke saye da lu'ulu'u cikin Free Fire, ko da kuɗin UC cikin PUBG Mobile, lifidi ne. A kan yi wa mai sayensu tsiya, a ce yana da kuɗin zubarwa, amma tsiya dabam, zargin cuta dabam. Tilas ma a faɗi gaskiya: irin waɗannan wasanni da a ke saukewa kyauta, masu sayen lifidin nan su ne su ke ɗauke wa sauran nauyi. Masu ƙera wasa kuma suna da hujjarsu, gama kuɗin babban wasa a Amurka ya tsaya a kan dala 60 tun wajen 2005 har 2020, aikin ƙera shi kuwa kullum sai ƙara tsada ya ke yi.

Inda mai sharhi zai tsaya ya yi magana shi ne inda cinikin ya shiga cikin aikin kansa ya lanƙwasa shi. Masu karatun Hausa sun san wannan ciwo tun kafin gem. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka buga tsakanin 1937 da 1939, littafi uku ne, amma wanda ya sami ɗaya kaɗai ya sami labaru cikakku, ba a bar shi a rataye ba. Daga baya, sa'ad da littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano a shekarun 1990, sai ya zama al'ada a yanke labari daidai inda ya yi zafi, a ce sai a littafi na biyu. Fina-finan Kano suka ɗauki wannan, kashi na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na huɗu. Marubutan da su ke sakin labari ta WhatsApp kuma suna ba da shafukan kyauta, sa'an nan su rufe, sai wanda ya biya. Ba laifi ba ne marubuci ya ci guminsa. Laifin yana zuwa ne sa'ad da labarin da ya isa littafi guda aka ja shi, aka cusa masa gaisuwa da kwatancin ɗaki da girki, domin ya kai uku. A nan kasuwa ce ta rubuta labarin. Haka ya faru ga Star Wars Battlefront II a watan Nuwamba, 2017. Masu wasa suka yi lissafi suka ga sai mutum ya yi wajen awa 40 yana bugawa kafin ya buɗe Darth Vader, in ba haka ba ya nemi gajeriyar hanya da kuɗi. Watau an sa gajiya cikin wasan da gangan domin a sayar da maganinta. Hayaniyar ta kai kamfanin EA ya dakatar da sayarwar ana gobe za a fitar da wasan.

Akwai kuma ciniki wanda ko mudu ba shi da shi. Tun 2009 wasan FIFA ya shigo da sashen Ultimate Team, inda mutum ya ke sayen ƙunshi rufaffe, bai san ko wane ɗan wasa ke ciki ba sai ya buɗe. Ko ya sami gwani, ko ya sami tarkace. Bahaushe ya kan kira irin wannan cinikin biri a sama. Ɗaliban da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure sun san babin ciniki ya hana sayar da kifi yana cikin ruwa, da ɗan da ke cikin ciki, da raƙumin da ya tsere, domin mai saye bai san abin da zai shiga hannunsa ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam, ta wata hanya dabam, ta iso wuri guda a watan Afrilu, 2018, ta ce waɗannan ƙunshi caca ne. A farkon 2019 EA ya daina sayar da kuɗin FIFA a ƙasar. Malamin makarantar horon malamai da ya ji ɗalibansa suna zancen buɗe ƙunshi, ya sani ba zancen ƙwallo su ke yi ba.

Hanyar biyan ma ba ta miƙe ba. A 2022 bankunan Nijeriya da yawa suka rage abin da katin naira zai iya biya waje zuwa dala 20 a wata, waɗansu suka tsayar da shi sam, sai a 2025 aka soma sakewa. Dillalai suka cika wannan giɓi, su karɓi naira su zuba wa mutum lu'ulu'u, su cire la'adarsu.

Saura kalma guda, ita ce kuwa ta fi nauyi: saya. A Hausa, in an taya, aka sallama, aka biya, abu ya fita daga hannu ya shiga hannu. Mai shi yana iya sayar da shi, ko ya jinginar, ko ya ba da aro, ko a gaje shi. Ƙarin da a ke saukewa galibi ba ya karɓar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙasar Birnin Gwari ta ga gwajin wannan a fili. A ƙarshen watan Satumba, 2021, aka yanke layukan waya a waɗansu sassan Jihar Kaduna, har da Birnin Gwari, domin yaƙi da 'yan bindiga, ba a mayar ba sai ƙarshen Nuwamba. Ba shakka wahalar da mutane suka sha a wata biyun nan ta fi ƙarfin zancen wasa, gama mai haƙuri bai iya kiran ɗan'uwansa ba, ɗan kasuwa bai iya aika kuɗi ba. Amma ga abin da ya shafi wannan nazari, wasan da aka tura wa yaro a rumfar caji, wanda ba ya neman layi, ya zauna cikin wayarsa yana aiki. Rigar da wani ya biya kuɗi ya saya cikin Free Fire kuwa ta yi nisa da shi kamar ba a taɓa yinta ba, domin tana can cikin kwamfutocin kamfani. Ran 30 ga Satumban nan, har wa yau, Konami ya fitar da eFootball 2022 a madadin PES, wasan da a ke saukewa kyauta, rayuwarsa kuwa ta rataya ga intanet da sayen ƙari. Tsohon faifan gidan gem, duk da ƙarce-ƙarcensa, bai taɓa neman iznin kowa ba kafin ya juya.

Layin Birnin Gwari ya komo. Na waɗansu bai komo ba: ran 31 ga Maris, 2024, Ubisoft ya rufe kwamfutocin wasan mota The Crew, wasan ya mutu a hannun duk waɗanda suka biya kuɗinsa. A watan Satumba na shekarar, Jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa doka, wadda ta soma aiki a farkon 2025, ta hana a rubuta kalmar saye a kan irin waɗannan kaya sai an bayyana wa mutum cewa izni kurum ya ke samu. Watau majalisa guda ta zauna a kan ma'anar fi'ili ɗaya. Masu juya kalmomin waya da kwamfuta zuwa Hausa su kan sa "saya" a kan maɓallin biya ba tare da wani tunani ba. Inda amfanin abu zai ƙare ran da mai shi ya rufe ƙofarsa, kalmar da ta dace tana nan tun zamanin da yara su ke ba mai keke kwabo su zaga gari su mayar masa: haya.