Rigar Gida Ta Cardiff City: Shuɗi Da Ja

Kowace ƙungiyar ƙwallon ƙafa tana da riga iri biyu ko uku. Akwai wadda 'yan wasa ke sawa in sun tafi baƙunci, ita wannan a kan sauya launinta kusan kowace shekara, ba mai cewa uffan. Akwai kuma rigar gida, wadda su ke sawa a filinsu, gaban mutanen garinsu. Da ita a ke shaida ƙungiya tun daga nesa, tun ba a ga fuskar kowa ba. To, wa ke da ikon sauya launin wannan riga? Mai kuɗin da ya sayi ƙungiya, ko kuwa jama'ar da suka gaji sonta daga iyayensu? Abin da ya faru ga ƙungiyar Cardiff City tsakanin 2012 da 2015 ya isa mai karatu ya auna maganar da kansa.

Kadif shi ne babban birnin Wales, ƙasar da ke yamma da Ingila. Gari ne na bakin teku, wanda ya yi arziki da fitar da kwal zuwa ƙasashen duniya. Cikin 1899 waɗansu samari 'yan wasan kurket na unguwar Riverside suka ga in hunturu ya shigo ba su da abin da zai tara su, sai wani mai zāne, Bartley Wilson, ya haɗa su suka kafa ƙungiyar ƙwallo da sunan unguwarsu. Rigarsu ta fari gida-gida ce, ruwan makuba da rawaya. Cikin 1905 aka ɗaukaka Kadif ya zama birni, cikin 1908 kuma aka yardar wa ƙungiyar ta ɗauki sunan birnin. A nan ne suka ajiye rigar unguwa suka ɗauki shuɗiya. Ba a daɗe ba mutane suka laƙaba musu suna Shuɗɗan Tsuntsaye, har aka zāna tsuntsun a tambarinsu. Watau launi da laƙabi da tambari suka zama abu guda, ba a taɓa ɗaya ba a taɓa sauran ba.

Cikin wannan riga suka shiga babbar gasar Ingila a 1920, ko da ya ke su mutanen Wales ne. A 1924 saura ƙiris su zama zakarun aji na ɗaya, makinsu ya zo daidai da na Huddersfield, sai lissafin ƙwallaye ya kayar da su. A 1925 suka kai wasan ƙarshe na Kofin FA, Sheffield United ta ci su. Sa'an nan ran 23 ga Afril 1927, a filin Wembley na Landan, suka ci Arsenal ɗaya ba ko ɗaya. Hughie Ferguson ne ya buga ƙwallon, ta sulluɓe daga hannun mai tsaron gidan Arsenal, Dan Lewis, ta shige. Ana cewa Lewis ya ɗora laifin a kan santsin sabuwar rigarsa. Kyaftin Fred Keenor ya ɗaga kofin, wannan kuwa shi ne karo na fari da kofin ya fita daga Ingila. Duk yaron da ya tashi a gidan masu son Cardiff City, da labarin wannan rana a ke yaye shi.

Bayan wannan sai zamani ya juya musu baya. A 1962 suka faɗo daga aji na ɗaya, daga baya har suka gangara aji na huɗu. Cikin shekarun nan an yi ta taɓa rigar nan da can. Wani lokaci wando fari, wani lokaci shuɗi. Cikin shekarun 1970 har an ja mata layin rawaya daga kafaɗa zuwa ƙugu. Amma gindin launin bai motsa ba. Wannan kuwa shi ne abin lura. Ranar cin kofi kowa na ƙungiya ne. Mutumin da ya tsaya cikin ruwa da sanyi a tsohon filinsu na Ninian Park, shekara da shekaru, yana kallon ana cin su, ba shi da abin da ya rage masa na alfahari sai rigar. Wahalar da aka sha cikinta ta fi kofin 1927 ɗaure ta a zukatan mutane.

A 2009 ƙungiyar ta ƙaura zuwa sabon fili, amma bashi ya yi mata katutu, har hukumar haraji ta kai ta gaban shari'a. Cikin wannan hali, a 2010, wani attajirin Malesiya, Vincent Tan, ya zuba kuɗinsa ya zama shi ne mai faɗa a ji. Cikin watan Mayu 2012 labari ya fasu cewa ana shirin mai da rigar gida ja. Jama'a suka yi ca, shugabannin ƙungiya suka ce an fasa. Ba a cika wata guda ba, cikin Yuni, sai aka yi shelar an sauya: riga ja, wando baƙi, shuɗiya ta koma ta baƙunci. A tambari aka ɗora jan dodo mai fukafukai ya cika wuri, tsuntsu ya koma ɗan mitsitsi daga ƙasa. Tare da wannan aka yi alkawarin kuɗi wajen fam miliyan 100, don biyan bashi da sayen 'yan wasa da faɗaɗa fili.

Adalci ne a faɗi hujjojin masu wannan shawara kamar yadda su ke. Na ɗaya, a ƙasar Sin da ƙasashe da dama na Asiya ja launin sa'a ne da farin ciki, saboda haka aka zaci riga ja za ta fi samun kasuwa can. Na biyu, ja ba baƙo ba ne a Wales: jan dodo ke bisa tutarsu, ja kuma 'yan wasan ƙasar ke sawa. Na uku, wanda ya fi duka nauyi, mutumin nan ya tarar da ƙungiya tana shirin nutsewa ya tsamo ta. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Ga shi kuma a shekarar farko ta jar riga suka zama zakarun aji na biyu, a 2013 suka hau gasar Firimiya, bayan shekara 51 rabonsu da aji na ɗaya. Wa zai yi gardama da wannan?

Amma in an bi hujjojin ɗaya ɗaya sai a ga ba su da ƙarko. Batun sa'a shi ya fara rushewa. Rigar da suka hau da ita a 2013, da ita suka faɗo a 2014, su ne na ƙarshe cikin ƙungiya 20. A 2018 kuma suka sake hawa, Neil Warnock na horar da su, cikin shuɗiya, suka sake faɗowa a 2019 cikinta. Ashe launi ba ya ci, ba ya kuma hana ci. Kuɗin da aka sayi 'yan wasa da su, da aikin mai horarwa Malky Mackay, su suka kai su Firimiya, kuma da an bar su da shuɗi da haka za su kai.

Batun kasuwa ma haka. Cikin watan Mayun nan na 2012 da a ke wannan shawara, Manchester City ta ci gasar Firimiya cikin shuɗi mai haske, Chelsea kuma ta ci Kofin Zakarun Turai cikin shuɗi mai duhu. Wanda ya zaga kasuwannin Kano ko Kaduna ya ga samari da rigar Chelsea ya san ba launi ya jawo su ba, suna da cin kofi ne suka jawo su. Mutumin nesa gwani ya ke bi. In ƙungiya ta daina ci sai ya koma wata, ba ya ko waiwaye. Wanda ba ya komawa ko'ina shi ne na gida, shi ne kuwa aka ɓata wa rai don neman wanda bai zo ba tukuna. Batun tutar Wales kuma, rigar ƙasa ta kowa ce, har da mutanen Swansea abokan hamayyarsu. Cardiff City ba ƙasa ba ce, ƙungiyar gari ce mai nata launi. Bugu da ƙari, Bristol City, maƙwabtansu na ƙetaren ruwa waɗanda ba sa ga maciji da juna, ja su ke sawa.

Saura batun ladan kuturu. Lalle wanda ya biya bashi yana da hakkin a gode masa, yana da ikon naɗa manaja, da saye da sayarwa, da tsara kuɗi. Amma abin da ya saya hannun jari ne da gini da takardun 'yan wasa. Shekara 104 da aka yi cikin shuɗi ba shi cikin cinikin, gama ba wanda ya mallake su balle ya sayar. Amana ce da ta biyo hannu hannu, kowane shugaba ya tarar da ita, ya kuma tafi ya bar ta. Aibin abin da aka yi a 2012 shi ne an haɗa ceto da sharaɗi, aka sa mutane suka ga kamar zaɓi biyu ne gabansu, ko su saki launinsu ko su rasa ƙungiyarsu. Yardar da aka samu ta wannan hanya ba yarda ba ce. Abin ya fito fili a 2013, sa'ad da aka fito da jan wando jama'a suka ƙi, aka ba su dama suka jefa ƙuri'a suka zaɓi baƙi. An shawarce su kan wando, an hana su magana kan riga.

Mai gardama zai ce ai ƙungiyoyi sun sha sauya launi. Ita kanta Cardiff City ta bar makuba da rawaya. A 1933 Herbert Chapman ya sa wa jar rigar Arsenal fararen hannuwa. A 1961 Don Revie ya raba Leeds United da shuɗi da rawaya ya sa musu fari fat irin na Real Madrid, ya kuwa zauna. Gaskiya ne, amma akwai bambanci. Rigar Riverside shekara tara kaɗai ta yi, ta 'yan unguwa ce, ba a tara tarihi cikinta ba. Chapman ƙari ya yi a kan ja, bai kawar da shi ba. Revie kuwa ya tarar da ƙungiya a aji na biyu ba ta taɓa cin babban kofi ba, nufinsa ya ɗaga zuciyar 'yan wasansa, kuma kofunan da Leeds ke taƙama da su, kamar na 1969 da 1974, duk cikin fari aka ci su. Shi ya sauya riga kafin a rubuta tarihi, a Kadif kuwa bayan an rubuta aka zo shafewa.

Su ma magoya baya ba za su fita sumul ba. Waɗansu kaɗan sun ƙaurace wa fili tun ran da aka sauya, suka jure zargin 'yan'uwansu. Amma mafi yawa sun yi shiru muddin ana ci. Cikin Fabrairu 2013, ranar wasa da Brighton, aka raba jajayen ƙyallayen wuya kyauta, dubbai suka karɓa suka rataya. Sai da aka kori Mackay cikin Disamba 2013, ci kuma ya ƙare, sa'an nan murya ta haɗu. Aka riƙa jerin gwano, aka kuma ɗauki al'adar ɗaga shuɗɗan ƙyallaye in wasa ya kai minti 19 da sakan 27, don tuna 1927. Dabarar ta yi kyau, amma ta makara. Da an yi haka tun Yuni 2012 da wuya jar rigar ta kwana. Wanda ya san darajar gadonsa sai ranar da aka daina ba shi toshiya, shi ma yana da abin da zai tuhumi kansa.

Abin da ya karya maganar daga ƙarshe kujeru ne da ba kowa a kansu. An faɗaɗa fili a 2014 ya wuce mutum 33,000, aka jera jajayen kujeru a sabon benen, amma a farkon Janairu 2015, ranar wasan kofi da Colchester, waɗanda suka zo ba su kai 5,000 ba. Ran 9 ga watan aka yi shelar komawa shuɗi, Vincent Tan ya ce mahaifiyarsa ce ta ba shi shawara, don a sami haɗin kai. Kashegari suka fito cikin shuɗi suka ci Fulham ɗaya ba ko ɗaya. Cikin shekarar aka mai da tsuntsu tsakiyar tambari, dodo ya koma ƙarami. A nan ya cancanci yabo, gama ba kowane mai kuɗi ke janye maganarsa gaban jama'a ba.

Darasin bai tsaya Kadif ba. A 2022 Hukumar Ƙwallon Ingila ta kafa ƙa'ida cewa ƙungiya ba za ta sauya launin rigar gida ko tambari ba sai ta nuna mafi yawan magoya bayanta sun yarda. A 2025 Majalisar Biritaniya ta sa irin wannan sharaɗi cikin dokar da ta kafa hukumar sa ido a kan ƙungiyoyin ƙwallo. Watau abin da mutanen Kadif suka yi shekara biyu da rabi suna faɗa da ƙyalle, doka ta zo ta rubuta shi da tawada. Mai ƙungiya baƙo ne mai daraja, ya kan zo ya kan tafi. Masu riga su ne waɗanda ya tarar a bakin ƙofa, su ne kuma zai bari nan ran da ya kama hanya.