Tambaya Uku Kafin a Taɓa Sukuru

Wani saurayi ya shigo wani shagon kwamfuta a titin Beirut da ke Kano, da kuɗin da ya yi watanni yana tarawa, ya ce yana son kwamfutar buga gem, mai ƙarfi. Ina zaune a benci ina jiran nawa gyaran. Mai shagon bai miƙa hannu kan kanta ba, sai ya jawo takarda da biro ya yi masa tambaya uku: wane gem za ka buga, a wane allo, kuma wace wuta gare ka a gida?

Saurayin ya ce ƙwallo da GTA V da Call of Duty, allonsa 1080p ne, wuta kuwa inbata, sai ɗan janareta in ta kama.

"To, ƙanena, ai da bakinka ka zaɓi rabin kayan," in ji mai shago.

Ya fara da katin hoto, wanda 'yan kasuwar ke kira girafik. Allon 1080p ɗigo ne 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan biyu. In ana son motsi ya tafi sumul, sai an sake zana su duka sau 60 a daƙiƙa ɗaya, kuma katin ne mai wannan zanen. Shi ya sa ya ware masa kaso mafi tsoka na kuɗin. Ya rubuta sunaye uku: Radeon RX 6600 mai ma'ajiyar gigabait 8, GeForce RTX 3060 mai 12, da RTX 4060 mai 8. Gaban kowanne ya rubuta wutar da yake sha: wat 132, 170, 115. Nan na gyara zama. Mai kwafo jerin kaya daga YouTube ba ya kallon waɗannan lambobin, don wanda ya yi bidiyon wutarsa ba ta ƙiftawa. Wanda zai buga gem a kan batir kuwa, tazarar wat 55 da ke tsakanin biyun ƙarshe ita ce ko ya gama wasa ko inbata ta fara ƙara ana tsakiyar fanareti. Aljihun saurayin ya tsaya a kan RX 6600.

Sai furosesa, ƙwaƙwalwar da ke lissafin inda ƙwallo za ta faɗi da abin da abokin gaba zai yi, ta miƙa wa kati ya zana. Ya zaɓi Ryzen 5 5600 na AMD, mai ƙwayoyi shida, kamar ma'aikata shida da aka raba wa aiki. Saurayin ya so wadda ta fi ta. Mai shago ya ce kati ba zai zana fiye da ƙarfinsa ba, ko da furosesar miliyan aka ɗaura masa. Sayen ingarman doki ne a ɗaure shi a turke.

Furosesa ita ke zaɓar madabod, babban faifan da komai ke zama a kansa, domin kowace tana da mazauninta. Wannan tana zama a mazaunin AM4, wanda ke kasuwa tun 2016, don haka kayansa sun wadata, sabo da na hannu. Sabon mazauni, AM5, da ya fito a 2022, ba ya karɓar ram sai DDR5, wato wanda ya je can sai ya sauya bod da ram gaba ɗaya. Ya rubuta bod B550. Ya ce B450 ma tana yi, amma in tsohuwar ajiya ce sai an sabunta BIOS, 'yar manhajar da ke farkar da bod, in ba haka ba fanka ta yi ta juyawa allo na baƙi ƙirin. Ya ƙara da gargaɗi: ita 5600 ba ta zana hoto da kanta, wayar allo a jikin kati ake soka ta, ba a jikin bod ba.

A kan ram ya yi abin da ya fi burge ni. Ram shi ne teburin aiki, inda ake baza abin da ake buƙata yanzu-yanzu. Gigabait 16 ya rubuta, amma sanda biyu masu takwas-takwas maimakon guda mai 16, domin biyun suna buɗe hanya biyu zuwa furosesa. A bod mai rami huɗu, a na biyu da na huɗu ake dasa su in aka ƙirgo daga furosesa. Sannan a shiga BIOS a kunna saitin gudunsu, in ba haka ba ram ɗin da aka saya da lamba 3200 ya zauna yana tafiyar 2133 ko 2400. Mutane da yawa sun biya kuɗin gudun da ba su taɓa mora ba, don ƙiwar danna maɓalli ɗaya.

Ma'ajiya ba ta ɗauke shi minti ɗaya ba: SSD irin NVMe, terabait ɗaya, 'yar siririya mai tsawon milimita 80 da ke kwanciya a jikin bod.

Akwatin wuta kuwa ya daɗe a kansa. Shi ke karɓar wutar bango ya mayar da ita 'yar daidai, bol 12 da 5 da 3.3. Ya haɗa lissafi: kati da furosesa da sauran tarkace ba su kai wat 300 ba, ya rubuta 550 don a bar sarari. Ya ɗauko guda biyu ya ɗora wa saurayin a tafin hannu, ɗaya shakwaf, ɗaya da nauyi, alhali lamba ɗaya ce a jikin kwalinsu. Mai nauyin yana da tambarin 80 Plus Bronze, shaidar cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na wutar da ya ja tana isa ga kaya in yana rabin lodi, saura ta tafi a zafi. Ya ce in na arha ya tashi mutuwa, ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba.

Gidan kwamfutar ma da tef ya zaɓe shi. Ya auna tsawon kati, ya auna cikin gida. Ya ture wani mai gilashi a gaba, ya ɗauko mai raga da matatar ƙura da ake zarewa a wanke, saboda a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a Afrilu, ga ƙurar hunturu, iska ita ce abin nema.

Katin na hannu ne, sai ya gwada shi a gaban mai saye. Tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a Satumbar 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa. Ya duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su, ya juya fankokin da yatsa yana saurare, ya buɗe manhajar GPU-Z don ya tabbatar sunan da ke kwali shi ne a ciki. Sannan ya sa manhajar FurMark ta wahalar da katin rabin awa, idonsa na kan lambar zafi, har ta tsaya cik ta daina hawa.

Kuɗi suka yi ɗan saura. Saurayin ya nuna fitilu masu canja launi da ke rataye a bango.

"Yaya, waɗancan fa?"

Mai shago ya duba takardar, ya rubuta UPS a layin ƙarshe, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

"Fitila, ka dawo bayan Sallah."