Ɓeraye ɗari ba shaidu ɗari ba ne

Idan ka ga rahoton gwajin magani a kan ɓeraye masu ciki, aka ce an duba 'ya'ya 100 kuma 20 sun fito da nakasa, kada ka yi saurin karɓar alƙaluman. Tambayi uwaye nawa ne suka haife su.

Lissafin binomiyal, wanda ɗalibi ke fara koya, yana ɗauka cewa kowane ɗa zaman kansa yake yi, kamar jefa kwabo sau ɗari. Amma 'ya'yan ciki ɗaya gadonsu ɗaya, kuma ta jikin uwa ɗaya maganin ya iso musu. Shi ya sa wani cikin zai fito ƙalau gaba ɗaya, wani kuma rabinsa ya lalace. Sakamakon sai ya bazu fiye da yadda binomiyal ta yi hasashe.

Bari mu yi lissafin. A ce uwaye 10 ne, kowace da 'ya'ya 10, kuma kamanceceniyar 'yan ciki ɗaya ta kai 0.2. Bazuwar za ta ninku da 1 + (9 × 0.2), wato 2.8. Raba 100 da 2.8, za ka ga shaidun gaske kusan 36 ne kawai. Wanda ya yi biris da wannan zai iya shelanta cewa magani na da illa, ko ba shi da ita, da tabbacin da bai mallaka ba.

Gyaran ya daɗe. Skellam ya bayyana tsarin beta-binomiyal a 1948, Williams kuma ya yi amfani da shi a kan irin wannan gwaji a mujallar Biometrics a 1975. Dabarar ita ce a ba kowace uwa nata yiwuwar, a ɗauka cewa yiwuwar tana bambanta daga uwa zuwa uwa.

To, inda nake da ja shi ne yadda aka mayar da wannan gyara rufin asiri. Mutum ya danna kwamfuta, lamba ɗaya ta haɗiye duk bambancin, shi ke nan an wuce. Alhali watakila uwaye biyar an ba su maganin a wata ranar ciki daban, ko jinsinsu ba ɗaya ba ne. A nan rukuni biyu ne ke gabanka, kuma haɗa binomiyal biyu, ko saka sanadin cikin lissafi, ya fi dacewa. Ga shi kuma uwaye 10 sun yi kaɗan a ƙiyasta kamanceceniyar da kyau.

Haka abin yake idan kana ƙirga yaran da ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro gida-gida ko ƙauye-ƙauye. Kafin ka zaɓi tsari, zana sakamakon kowane ciki ko kowane gida daban, ka dube shi da idonka. Idan kuma kai ne mai tantance takardar wani, nemi wannan zanen kafin ka sa hannu.