Idon aro: Irving, Alhamra da ɗalibin Damagaram

Duk baƙon da ya je Garnaɗa, wato birnin Granada na ƙasar Sifaniya, don koyon harshe, ba zai yi mako guda ba sai ya ci karo da littafin Washington Irving mai suna Tales of the Alhambra. Ana sayar da shi a shagunan 'yan yawon buɗe ido cikin harsuna da dama. Irving Ba'amurke ne da ya zauna cikin fadar Alhamra na 'yan watanni a 1829, ya kuma fitar da littafin a 1832. A wancan lokaci fadar ta lalace, sojojin Faransa sun tarwatsa wasu hasumiyoyinta a 1812, talakawa sun yi zaune a ɗakunan sarakuna. Dole a yaba masa, domin littafinsa na cikin abubuwan da suka jawo hankalin duniya ga ginin.

Sai dai tambayar da ta dace ita ce, me wannan littafi yake yi wa ɗalibin da ya taso a Dogo, ya yi makarantar allo kafin ta boko, ya wuce Zinder, daga bisani ya samu kansa a cibiyar koyon harsuna ta Jami'ar Garnaɗa? Abin da yake yi masa shi ne ya ara masa ido. A wajen Irving, Musulmin Andalus mutane ne da suka shuɗe, suka bar dukiya binne da aljanu masu gadinta da 'ya'yan sarki kulle a hasumiya. Da yawa daga cikin labaran ya tsinto su ne daga bakin ɗan rakiyarsa, Mateo Jiménez. Tatsuniyoyi ne masu daɗi, kuma Bahaushe ba baƙon tatsuniya ba ne. Amma idan aka ɗora tatsuniya bisa bangon da ke ɗauke da rubutu, rubutun sai ya koma ado kawai.

Alhali kuwa bangon Alhamra magana yake yi. Akwai ayoyi, akwai taken gidan sarautar Banu Nasr da aka maimaita ko'ina, akwai waƙoƙin Ibn Zamrak, wazirin Sarki Muhammad na Biyar, waɗanda aka sassaƙa har a bakin kwatarniyar da zakuna 12 ke ɗauke da ita. Rubutun Kufa zai iya ba ɗalibin wuya, amma sauran ba za su gagare shi ba. Idan ya karanta, zai tarar yawancinsu yabon sarki ne, abin da kunnensa ya saba ji daga maroƙa a ƙofar fadar Damagaram ranar salla. Wannan ya fi amfani da zaman makokin Andalus da wasu malamanmu ke yi, domin yana nuna masa fada ce ta masu mulki, da waziranta da makircinta. Shi kansa Ibn Zamrak kashe shi aka yi.

Dangantakar ma ta wuce bango. Littafin Tuhfa da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna dogara da shi, na Ibn Asim ne, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426. Alƙali Iyal, mai Ashafa da ake karantawa da azumi, ya taɓa riƙe alƙalanci a wannan birni. Ibn Malik mai Alfiyya haifaffen Jayyan ne, ba nisa da nan. Har a cikin aji, ranar da malamar Sifaniyanci ta rubuta kalmar alcalde ta ce ma'anarta magajin gari, ɗalibin yana da damar ɗaga hannu ya ce a gidansu ana cewa alƙali, kuma tushensu ɗaya.

Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne labarin ajami. Bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492, Musulmin da aka tilasta wa sauya addini sun ci gaba da rubuta Sifaniyanci da haruffan Larabci, rubutun da ake kira aljamiado, daga kalmar da ta haifi tamu. An kore su tsakanin 1609 da 1614. A 1884 magina suka tarar da tarin littattafansu ɓoye cikin wani tsohon gida a ƙauyen Almonacid de la Sierra. Ga dukiya binne ta gaske, wadda Irving bai riski ganinta ba.

Idon aro kuwa ba a Sifaniya kaɗai yake aiki ba. Baƙin da ke zuwa Birni a Zinder suna ɗaukar hoton zanen bangon gidaje da na fadar sarki, su tafi ba tare da sun tambayi maginin da ya zana dagi me yake nufi ba. Ɗalibin da ya dawo da Irving a jaka zai iya zama tafintansu, ya ba su labarin Sarki Tanimun da bindigoginsa, su yi tafi, su koma mota.