Kunne, Mita da Haƙuri: Gwanintar Masu Gano Ciwon Wufar Mota

Ɗaura amfilifaya da wufa a mota ba wani dogon aiki ba ne. Yaron da ya yi 'yan watanni a rumfar masu wayarin, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna, zai iya jan waya daga batir zuwa but, ya ɗaure noti, ya saki kiɗa har gilashi ya kama rawa. Inda ake gane gwani shi ne bayan kwana biyu, lokacin da mai mota ya dawo fuska a murtuke. Ko dai amfilifayar ta ƙi kamawa, ko tana ɗaukewa a tsakiyar waƙa, ko wani siririn kuka ya shiga lasifika, ko kuma an wayi gari batir ya mutu murus. A nan hannu kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da kai.

Abin da ya fi burge ni game da gwanayen wannan sana'a shi ne ba sa saurin zargin kaya. Wanda bai ƙware ba, da zarar sauti ya ɗauke sai ya ce amfilifaya ta ƙone, a sayo sabuwa. Gwani kuwa ya san galibi ba a nan gizo ke saƙa ba. A wurinsa duk tsarin nan hanyoyi uku ne: hanyar wuta daga batir, hanyar sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, da hanyar sauti daga amfilifaya zuwa wufa. Aikinsa shi ne ya raba su, ya wanke ɗaya bayan ɗaya, har mai laifi ya rage shi kaɗai.

Kafin ya taɓa komai yakan fara da tambaya. Alhaji, yaushe take yin hakan? Da an kunna mota, ko sai an yi tafiya ta ɗauki zafi? In ka taka totur, kukan yana ƙaruwa? In ka rage sauti, tana dawowa? Mai mota na iya ƙosawa, amma kowace amsa tana rufe wata ƙofa ta buɗe wata, kuma sau da yawa gwani ya riga ya gano rabin ciwon tun bai buɗe but ba.

Idan amfilifaya ta ƙi kamawa kwata-kwata, sai ya ɗauko mita. A jikin amfilifaya akwai bakuna uku na wuta: na babbar waya mai zuwa daga batir, na wayar at da ake ɗaurewa a ƙarfen mota, da ƙaramin da aka rubuta wa REM, wanda ta nan rediyo ke umartar amfilifaya ta farka. Lafiyayyen batir yakan nuna kusan bolt 12.6 idan mota a kashe take, ya hau tsakanin 13.8 da 14.4 idan inji na aiki. In mita ba ta ga wannan wuta a bakin amfilifaya ba, sai a bi waya baya har zuwa fis. Shi wannan fis ana sa shi ne kusa da batir, kada ya wuce santimita 45, domin waya yake karewa. Idan babbar waya ta goge a jikin ƙarfe inda ta ratsa daga wajen inji zuwa cikin mota, fis ɗin nan ne kawai ke tsakanin mai mota da gobara. Shi ya sa gwani na gaske ba ya yarda ya naɗa silin waya a gurbin fis da ya ƙone, kome roƙon da za a yi masa. Sai ya gano abin da ya ƙona shi.

Ƙaramar wayar REM tana da nata rikicin. A bayan yawancin rediyoyin da ake saye a ɗaura akwai wayoyi biyu masu kama da juna: shuɗiya zalla, da shuɗiya mai ratsin fari. Mai ratsin farin ita ce ta amfilifaya. Shuɗiya zallar ta eriya ce, kuma a rediyoyi da yawa tana ba da wuta ne kawai idan ana sauraron tasha. Saboda haka in mai mota ya ce wufarsa na bugawa a tashar rediyo amma tana yin shiru da ya koma kan wayarsa ko faifai, gwani ya san an ruɗe ne tsakanin shuɗi da shuɗi. In kuma koken shi ne batir na mutuwa cikin dare, sai ya duba ko an haɗa wannan waya da wutar da ba ta ɗaukewa, har amfilifaya ta kwana a kunne tana zuƙar batir.

Amma uwa uba ita ce wayar at. Wutar da ta shiga amfilifaya dole ta koma batir, kuma ta jikin ƙarfen mota take komawa. Idan aka ɗaure wayar a kan fenti, ko a kan tsatsa, ko a sakakken noti, hanyar komawa ta ƙuntata ke nan, daga nan kuma matsaloli iri-iri ke tasowa. Gwani yakan kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya sa waya gajera mai kauri daidai da babbar waya, ya ɗaure tam. Ba ya gamsuwa da gani da ido. Yakan ɗora mita a bakin amfilifaya yayin da kiɗa ke dukan gaske. In batir na nuna bolt 14 amma a but ana ganin 11 duk lokacin da ganga ta buga, to wuta na ɓacewa a hanya. Wani lokaci laifin wayar ce kanta, domin kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Alminiyam kuwa kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka. Gwani kan kankari silin waya da wuƙa, in cikinta fari ne ya san araha ce ta yi halinta.

Siririn kukan nan da ke hawa da sauka tare da totur, shi ne ya fi wahalar da masu koyo. Asalinsa altaneta ce, kuma yana samun ƙofar shiga ne idan at ɗin rediyo da na amfilifaya ba su daidaita ba, ko kuma an kwantar da wayoyin RCA, masu jan kai da farin kai, a jikin babbar wayar wuta. Dabarar gwani a nan tana da kyau ƙwarai saboda sauƙinta. Ya kashe komai, ya zare RCA daga amfilifaya, ya sake kunnawa. In kukan yana nan, ciwon na wajen amfilifaya da at ɗinta ne. In ya ɓace, daga gaba yake zuwa. Sai ya jawo wata RCA ta saman kujeru, nesa da kowace waya, ya gwada. In kukan bai dawo ba, a canza wa tsohuwar hanya, wuta ta bi gefe ɗaya na mota, sauti ya bi ɗaya gefen. In ya dawo, a koma kan rediyo. Gwaji biyu sun raba gardama, ba a sayi ko allura ba.

Haka yake yi idan jar fitila ta kama, wato amfilifaya ta rufe kanta don kada ta ƙone. Ya cire wayoyin wufa da na RCA, ya bar ta da wuta kaɗai. In har yanzu ja take nunawa alhali wutar ta cika, sai a lokacin ne yake yarda cewa ciwon a cikinta yake. In ta koma daidai, to ko dai silin waya ya taɓa ɗan'uwansa, ko koyil ɗin wufa ya ƙone, ko kuma an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. A nan lissafi ke shigowa, lissafin da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827, wanda gwanayen rumfa suke aiki da shi kullum ko da ba su zauna a aji ba. Wufa biyu masu om 4, in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun zama om 2, in aka jera su ɗaya bayan ɗaya sun zama om 8. Duk lokacin da om ya ragu, wutar da amfilifaya ke turawa tana ƙaruwa, zafi ma haka. Amfilifaya mai hanya biyu da aka haɗe hanyoyinta wuri ɗaya don ƙarin ƙarfi, yawanci ba ta jure ƙasa da om 4. A ba ta om 2, za ta yi 'yan mintuna tana bugawa, sannan ta ɗauke. A ƙasarmu kuma zafi na ƙara wa lamarin nauyi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40, but ɗin motar da ta wuni a rana ya fi haka nesa. Don haka gwani ba ya binne amfilifaya a ƙarƙashin kafet, kuma bayan hunturu yakan hure ƙurar da ta toshe mata kafofin iska.

Akwai wani ɗan maɓalli da aka rubuta wa GAIN, wanda ya kashe wufa fiye da ƙima. Jama'a suna ɗaukarsa na ƙara sauti ne, sai su murɗa shi har ƙarshe. Aikinsa na gaskiya shi ne daidaita ƙarfin abin da rediyo ke aikowa da abin da amfilifaya za ta iya. In ya wuce kima, amfilifaya na yanke kan sautin, ganga ta koma tana kakkarcewa, koyil ya yi ta ɗaukar zafi har a ji ƙaurinsa. Gwani kan cire wufa, ya kai sautin rediyo kusan kashi uku cikin huɗu, ya saki sautin gwaji mai girgiza 50 a daƙiƙa, ya ɗora mita. In amfilifayar mai wat 500 ce a kan om 2, ya ninka su ya sami 1000, ya nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da haka, wato kusan 31.6. Ya murɗa a hankali har mita ta kai nan, ya tsaya. Sannan ya saita matatar sauti a wajen girgiza 80, domin wufa ta tsaya kan dukan ƙasa, ta bar wa ƙananan lasifikoki muryar mawaƙi.

Ba ya kuma ruɗuwa da manyan lambobin da ke jikin kwali. Amfilifayar da aka rubuta wa wat 3000 amma fis ɗinta na amfiya 30 ne, lissafinta a fili yake: 30 sau 14 ya ba da wat 420, kuma wani kaso na wannan zafi zai zama. Ita kuwa mai wat 1000 na gaskiya tana iya jan kusan amfiya 90 idan ta buɗe wuta, alhali altanetar ƙananan motoci da yawa iyakarta ke nan ko ƙasa da haka, ga na'urar sanyaya mota da fitilu suna jiran nasu rabon. Wannan shi ne dalilin da fitilun gaba ke dusashewa tare da kiɗa. Mai mota zai ce a sa masa kafasita, gwani kuma ya gaya masa gaskiya: kafasita randa ce, ba rijiya ba. Tana ajiye ɗan abin da aka zuba mata, ba ta samar da ko ɗigo. Magani shi ne a ƙara kaurin wayoyi uku na wajen inji, daga altaneta zuwa batir, daga batir zuwa jikin mota, daga inji zuwa jikin mota. In hakan bai isa ba, sai babbar altaneta ko ƙaramar amfilifaya.

Wani lokaci komai na aiki amma dukan ba shi da nauyi. Idan wufa biyu ne kuma aka juya wayar ɗaya, ɗaya na turawa ɗaya na ja, sautin ya kashe juna. Batirin tocila mai bolt 1.5 ya isa ya tona asiri: a taɓa wayoyin da shi, a ga ko duka biyun gefe ɗaya suke motsawa. Ƙarar da ake ji a baya kuwa, wadda mai mota ke zaton wufa ce ta fashe, sau da yawa lambar mota ce ke kaɗawa, ɗan soso a bayanta ya wadatar.

Duk wannan ilimi ne na gaske, kuma a tsaye ake koyonsa, cikin rana, daga maigida zuwa yaro. Abin takaici shi ne mun saba biyan mai gyara ne gwargwadon kayan da ya canza. Wanda ya sa mu sayi sabuwar amfilifaya mukan ga ya yi aiki, wanda kuwa ya ɓata awa guda da mita a hannu ya gano noti ɗaya da ya yi tsatsa, sai mu ce ai ba abin da ya yi. Wannan hali yana koya wa yaran rumfa cewa bincike ba ya kawo kuɗi, canza kaya ne ke kawowa. Idan muna son gwanaye su yawaita, to mu amsa tambayoyinsu ba tare da ƙosawa ba, mu bar su su auna kafin su yanke hukunci, kuma mu biya su ladan ganowa da daɗin rai, domin shi ne ya hana mu asarar kuɗin kaya, wani lokaci ma asarar motar gaba ɗaya.