Gonar da Ba Ta Hutawa: Nazarin Al'adar Taki a Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Gezawa ko Minjibir ko Ɗambatta a tsakiyar damina, ya ga gero ya yi shar, dawa ta miƙe, wake na yaɗo a ƙarƙashinsu, zai rantse ƙasar nan mai ƙarfi ce. Ba haka ba ne. Jigawa ce, rairayi ya fi yawa a cikinta, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe abincin shuka. Masu auna ƙasa sun daɗe da sanin ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai, naitirojin da fosfaras kuwa sai a hankali. Duk da haka a kanta ake noma kowace shekara, ba saura, ba hutu, tun kaka da kakanni.

Baƙi ma sun lura da wannan. Da Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, yawan ƙauyuka da gonaki da itatuwa sun ba shi mamaki har ya kwatanta lardin da lambu. Bayan fiye da shekara ɗari, Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya daga baya ya dawo Jami'ar Bayero, ya fitar da rahoto a 1965 tare da abokin aikinsa Wilson kan ƙauyukan da ke kewaye da birnin. Tun a lokacin mutum ya haura 200 a kowace murabba'in kilomita. Masana da yawa na zamanin sun yi hasashen irin wannan cunkoso ba ya ƙarewa sai a zaizayar ƙasa da yunwa. An yi fari mai tsanani daga 1972 zuwa 1974, aka sake yi a 1984, mutane suka ci gaba da ƙaruwa, gonakin kuma ba su mutu ba.

Asirin ba a cikin ƙasar yake ba, a zirga-zirgar taki yake. Manomin Kano bai gaji ƙasa mai ajiya ba, don haka bai dogara da ajiya ba. Ɗan abin da ke akwai shi yake juyawa: daga kunya zuwa kara da harawa, daga harawa zuwa cikin akuya, daga turke zuwa juji, daga juji ya koma kunya. Masana halittun teku suna da misalin wannan. Murjani ya fi bunƙasa a ruwan da ya fi kowane ruwa ƙarancin abinci, abin da ya ɗaure wa masana kai tun zamanin Darwin, sai daga baya aka gane cewa halittun wurin ba sa barin ko ɗigo ya salwanta, kashin wannan abincin wancan ne. Haka jigawar Kano take rayuwa.

Aikin yana farawa ne da kaka, ba da shuka ba. Da an yanke gero da dawa, an cire gyaɗa, an roro wake, sai a share gona tas. Kara ya tafi gida, harawar wake da ta gyaɗa a naɗe su a ɗora bisa rassan bishiya ko rufin soro inda dabba ba za ta kai ba. Baƙon da ya karanta littattafan noma na Turai zai ce wannan kuskure ne, ya kamata a bar kara ya rufe ƙasa. Amma idan aka bar shi, gara da iska da dabbobin wasu ne za su raba shi. A gida kuwa akuya da tunkiya suna cin ganyen, sauran ya zama shinge ko makamashi, tokar ta faɗa juji. Da damina dabbobin a ɗaure suke a turke don kada su yi ɓarna, ana yanko musu ciyawar da aka nome daga gonar. Wannan ɗaurin shi ne ginshiƙin al'adar baki ɗaya, domin kashin dabbar da ke yawo a daji ya tafi ke nan, na wadda ke turke kuwa yana hannun mai ita. Kafin bazara ta ƙare an kwashe shi a mangala ko amalanke, an jera shi tsibi-tsibi a gona yana jiran ruwan farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Baturiya Frances Harris ta zauna da manoman Tumbau, a yankin Gezawa, a farkon shekarun 1990, tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita. Abin da ta nuna ya gaskata aikin manoman: wake da gyaɗa da ƙananan dabbobi su ne ke riƙe da ma'aunin. Saiwar wake da ta gyaɗa tana da ƴan ƙulle-ƙulle da ƙwayoyin halitta ke zaune a ciki suna janyo naitirojin daga iska. Ganyen ya bi ta cikin dabba ya dawo gona. Shi ya sa tsarin gicci, inda ake jera gero da tazara a bar fili a tsakani don wake ko gyaɗa, ba cakuɗa ce ta rashin sani ba. Shi ya sa kuma manomi ya riƙe wake irin su kanannado mai yawan yaɗo, ko da ƙwayarsa ba ta kai ta sabon iri ba. Masu binciken cibiyar noma ta IITA da ke da gonar gwaji a Minjibir sai da suka koyi wannan darasi: irin da ya ba da ƙwaya ba harawa, manomin nan ba ya riƙe shi, don haka suka koma neman mai bayar da duka biyun.

Akwai kuma taki biyu da ba kowa ke lissafawa ba. Na farko ƙurar hunturu ce. Hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi yana sauka a gonakinmu ɗauke da fotasiyam da kalsiyam, kyauta, kowace shekara. Na biyu gawo. Wannan bishiya da damina take zubar da ganye, lokacin da sauran itatuwa ke tohowa, don haka ba ta tare wa shuka rana, ganyenta ya ruɓe a gindinta, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarta suna cin ƴaƴanta suna barin kashi. Ba sai an gaya wa manomi ba, ya san geron gindin gawo ya fi na tsakiyar fili. A Maraɗi, tun shekarun 1980 aka farfaɗo da al'adar barin toho ya girma a gona maimakon a sassabe shi, har ta zama abin koyi a duniya. A ƙasar Kano, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo ba su taɓa barin gona ba tun farko.

Sai birni. Shekaru aru-aru jakai suna shiga Kano da itace da hatsi, su fito da takin birni: toka, shara, kashin dawaki da na awaki. Ƙauyukan Ungogo da Kumbotso da ke kusa da ganuwa sun fi kowa morar wannan, ƙarfin gona kuma yana raguwa gwargwadon nisanta da birni. A nan ne al'adar ta samu rauni mafi muni a zamaninmu. Yau tifa ce ke kawo sharar, kuma abin da ke cikinta ya canza. Leda ce, fasassun kwalabe, tsofaffin batura, wani lokaci har allurar asibiti. Manomi na biyan kuɗin mota, ya kwashe kwanaki yana tsince, ragowar ledar ta shige ƙasa ta hana ruwa ratsawa, akuya ta haɗiye wata ta mutu. Abin takaici ne a ce birnin da ke cin amfanin waɗannan gonaki ya kasa mayar musu da shara mai tsabta.

Bai kamata a yi wa al'adar kwalliyar da ba tata ba. Tana hana gona mutuwa, amma a ƙasa-ƙasa take riƙe ta. Juyawa ba ya ƙirƙirar abin da babu. Naitirojin ana iya samo shi daga iska, fosfaras kuwa ba ya zuwa ta nan, kuma duk buhun da ya tafi kasuwar Dawanau ya tafi da nasa kaso. Tun da jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗar Kano a 1912, har zamanin dalar gyaɗa, har cutar da ta durƙusar da nomanta a 1975, ƙarfin ƙasar nan ne ake lodawa zuwa Ingila. Ba banza ba takin sufa ya zama takin zamani na farko da manoman gyaɗa suka karɓa hannu biyu. Sannan al'adar ba ta yi wa kowa adalci ba. Mai awaki ashirin da amalanke gonarsa na ƙara ƙarfi. Wanda talauci ya sa ya sayar da harawarsa da kaka, ya sayar da takin baɗi ke nan, kuma sau da yawa maƙwabcinsa mai hali ne ya saya. Gonar kusa da gida ta sha taki, ta nesa ta samu ragowa. A irin waɗannan gonakin ne wuta-wuta ke fitowa da jan furenta ta shanye dawa tun daga saiwa, domin ita ciyawar ƙasar da ta gaji ce. Ganinta a gona ya kamata ya sa a tambayi abin da ƙasar ta rasa, kafin a tambayi maganin feshi.

Amsar hukuma kullum buhu ce. A 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ɗaga amfani da takin zamani daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. An yi tsarin rabon taki ta wayar salula a 2012, an ƙulla yarjejeniya da Maroko a 2016 aka sayar da buhu a kan naira 5,500, kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar yuriya a Legas a 2022. Ba na cikin masu ƙin takin zamani, jigawar nan tana bukatarsa, musamman fosfaras. Matsalar ita ce zuba shi a rairayin da ba shi da abin riƙewa. Yuriya, mai naitirojin kashi 46 cikin ɗari, idan aka watsa ta a sama rana ta buga, wani kaso ya bi iska. Idan ruwa mai ƙarfi ya sauka, wani ya zarce ƙasa inda saiwar gero ba ta kaiwa. A Samaru ta Zariya an buɗe wani filin gwaji a 1950, ana kwatanta kashin shanu da takin zamani shekara bayan shekara. Filayen da aka daɗe ana ba su takin naitirojin shi kaɗai sun yi tsami, waɗanda aka haɗa musu da kashin shanu su ne suka riƙe ƙarfinsu.

Hanyar da ta dace da wannan ƙasa ita ce kaɗan-kaɗan, a daidai gindi, a daidai lokaci. Masu binciken cibiyar noma ta ICRISAT a Sadore ta Nijar sun gwada sa ɗan abin da bai wuce cikin murfin kwalba ba, kimanin giram 6 na kamfa, a kowane ramin shuka, aka ga gero ya amsa sosai. Manoman Bichi da Gabasawa da ke bin shuka ɗaya-ɗaya suna ɗiga taki da yatsu suna rufewa da ƙafa, tsada ce ta koya musu, amma dabarar daidai take. Wanda ya raba yuriyarsa biyu, ya sa rabi bayan noman farko, rabi lokacin maimai, ya fi wanda ya juye buhu a rana ɗaya.

Abin da ya rage shi ne malaman gona da masu tsara tallafi su ɗauki turke da muhimmancin da suke ba buhu. Bashin tunkiya biyu ga matar aure, wadda galibi ita ce mai ƙananan dabbobin gida, taki ne. Amalanken haya a ƙauye taki ne. Irin wake mai harawa taki ne. Haka ma wurin tace shara a bakin birni, inda za a raba leda da gilashi da batir kafin tifa ta kama hanyar Minjibir, aikin da ƙananan hukumomin da ke kewaye da Kano za su iya farawa da ma'aikatan da suke da su yanzu.